Kano zuwa Guangzhou a jirgin sama: kilomita nawa ne, kuma ta fi Amurka nisa?

Dan_Kwari_Layin_Atamfa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Musu ne ya kaure a shago tun bayan azahar, har aka tashi kasuwa ba a rabu ba. Ni na ce daga Kano zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin ya fi daga Kano zuwa Amurka nisa. Maƙwabcina mai shadda ya rantse babu inda ya kai Amurka, wai ita ce bangon duniya. Hujjata ɗaya ce: sau huɗu na je Guangzhou, kuma duk zuwa sai na kwana a hanya, in sauka ƙafafu a kumbure. Shi kuwa bai taɓa wuce Jidda ba. Masu ilimin abin, kilomita nawa ne tsakani? Kuma me ya sa dawowa take fin tafiya daɗewa alhali hanyar ɗaya ce? Wanda aka kayar shi zai sayi balangu gobe.

Mai_Wayoyi99:
Alhaji ka tanadi kuɗin balangu kawai. Amurka fa sai an tsallake teku guda.

Uwar_Biyu:
Tsallake teku ai ba shi ne nisa ba. Wanda ya je Umara ma ya tsallake teku.

Malamin_Labarin_Kasa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Idan aka auna daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin Baiyun na Guangzhou ta hanya mafi gajarta, ana samun kimanin kilomita 10,900. Daga Kano zuwa New York kuwa wajen 8,500 ne. Kenan Guangzhou ta ɗara New York da kusan kilomita 2,400. Amma kada ka yi saurin wanke hannu, domin Amurka ba gari ɗaya ba ce. In maƙwabcin naka ya ce Los Angeles yake nufi, to ita wajen 12,400 ce, ya kayar da kai. Haka nan ƙasar Sin ɗin ma faɗi gare ta: birnin Urumqi da ke can yammacinta bai fi 8,200 daga Kano ba, ya fi New York kusa. Sai ku fara tsayar da garuruwan da kuke magana a kai.

Dan_Kwari_Layin_Atamfa:
Malam Allah ya saka da alheri. Ni na kama sunan gari, shi ya kama sunan ƙasa. Wannan matsalarsa ce.

Mai_Wayoyi99:
Ban yarda ba. Yanzu na buɗe taswira a waya, da ido ma New York ta fi nisa ko a ce ɗaya suke.

Malamin_Labarin_Kasa:
@Mai_Wayoyi99 taswirar ce take ruɗar ka. Duniya dunƙulalliya ce, ita kuwa taswira shimfiɗaɗɗiya. Ka ɓare lemo ka gwada shimfiɗa ɓawon a kan faranti, dole ya yage ko ka ja shi ya miƙe. Irin taswirar da muka saba gani, wadda Mercator ya zana a 1569 domin matuƙan jirgin ruwa, tana kumbura duk ƙasashen da suka yi nisa da tsakiyar duniya. Shi ya sa za ka ga Greenland ta kusa kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka ta wajen sau 14. Duk abin da ya yi arewa sosai, kamar New York, sai ya yi kamar ya ƙara gudu daga gare mu.

Ga abin da nake sa ɗalibaina su yi. Samo ƙwallo, ka ɗiga alama biyu, ka ja zare tsakaninsu ya yi tsam. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta. In ka yi haka a kan ƙwallon taswirar duniya daga Kano zuwa Guangzhou, zaren ba gabas sak zai nufa ba. Arewa maso gabas zai yi: ya bi ta arewacin Chadi, ya ratsa arewacin Sudan, ya tsallake Bahar Maliya, ya wuce dab da Madina, ya bi ta kusa da Katar, kudancin Iran, Pakistan, ya yi tozo a wajajen Delhi, sannan ya gangaro ta Nepal da arewacin Myanmar ya shiga kudancin Sin. A kan shimfiɗaɗɗiyar taswira sai ka ga kamar baka aka lanƙwasa, ka ɗauka direban jirgi zagaye yake yi.

Hajiya_Mai_Kayan_Kicin:
Dab da Madina? Allahu Akbar. Ashe duk shekarun nan ta gefen Manzon Allah ya kamata mu riƙa wucewa, ake kai mu Habasha.

Baba_Hasumiya:
Hajiya, zaren da Malam ya ja lissafi ne na takarda, kuma daidai ne. Amma ni da na yi shekaru ina aiki a filin jirgi kafin in yi ritaya, bari in ƙara muku abin da ba ya cikin zaren. Na farko, ba mu da jirgin fasinja da ke tashi daga Kano ya dire Guangzhou kai tsaye. Dole ka yada zango, ko Addis Ababa, ko Alƙahira, ko Doha. Na biyu, sama ma tana da tituna. Akwai layuka da aka shata, masu sunaye da lambobi, kuma kowace ƙasa ita ke da ikon samaniyarta. Sai ta ba ka izini, kuma biya ake yi. Na uku, matuƙa ba sa son ratsa tsaunukan Tibet. Dalili shi ne in iskar shaƙa ta cikin jirgi ta samu matsala, doka ce a sauko da shi da gaggawa zuwa ƙafa 10,000, wato wajen mita 3,000. To ƙasar can ita kanta ta haura mita 4,000. Ina za ka sauko? Don haka ko da akwai jirgi kai tsaye, abin da zai ci sai ya ɗara 10,900 ɗin nan.

Dan_Kwari_Layin_Atamfa:
Baba, to a cikin zangon nan uku wanne ya fi gajarta? Ni ta Addis na saba bi.

Malamin_Labarin_Kasa:
Bari in ɗauke wa Baba wannan. Kano zuwa Addis wajen 3,300, Addis zuwa Guangzhou wajen 8,000, jimla 11,300 da ɗoriya. Kano zuwa Alƙahira wajen 3,100, daga can zuwa Guangzhou ita ma wajen 8,000, jimla kusan 11,100. Kano zuwa Doha wajen 4,750, Doha zuwa Guangzhou wajen 6,200, jimla 10,950. Ka ga Doha tamkar a kan zaren take zaune. Amma duka bambancin bai fi kilomita 400 ba, tafiyar rabin awa ce a jirgi.

Hajiya_Mai_Kayan_Kicin:
Rabin awa! Malam ka bar batun kilomita, ka tambayi wanda ya yi zaman jira. Shekarar da ta wuce na bi wani kamfani, ba zan kama suna ba, saboda tikitinsu ya fi arha. Jirginmu na farko ya makara, muka sauka na biyun ya tashi ya bar mu. Awa 19 na yi a kan kujerar ƙarfe, sanyi kamar a cikin firji, ga ni da ciwon gwiwa. Wata 'yar Ghana ce ta ba ni mayafinta na biyu, ashe Bahaushiya ce 'yar Kumasi, da ita muka raba dare muna hira. Da muka isa kuma jakata ba ta iso ba sai bayan kwana uku, da kaya ɗaya na shiga kasuwa. Tun daga nan in zan sayi tikiti ba na tambayar ta ina za a bi. Awa nawa zan zauna a zango, ita ce tambayata.

Uwar_Biyu:
Sannu Hajiya. Wallahi ko a waya na ji sanyin nan.

Saurayin_Farm_Centre:
Ni fa akasin abin da Alhaji ya faɗa na gani. Dawowa ta fi sauri nesa ba kusa ba. Tikitina yana nan: mun tashi Addis sha biyun dare, muka sauka Guangzhou ukun yamma, awa 15 kenan. Da za mu dawo mun tashi sha biyun dare, shidan asuba muna Addis. Awa 6 kacal. Ina ganin saboda duniya tana juyawa ne, in ka nufo yamma sai Afirka ta taho ta tarye ka.

Bakatsine_a_Doha:
Hahaha ƙanena, agogo ne ya yi maka wayo. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da abin ya faru ne. Sin tana gaban Habasha da awa 5, tana gaban Najeriya da awa 7. Cire 5 daga 15 ɗinka, saura 10. Ƙara 5 a kan 6 ɗinka, ya zama 11. Ka ga maganar Alhaji ta fito, dawowar ce ta fi tsawo.

Saurayin_Farm_Centre:
Kai! Shi ya sa na ga barcin da na yi ya fi ƙarfin awa shida.

Baba_Hasumiya:
Ɗana, batun duniya ta juyo ta tarye ka kuma, ajiye shi. Da haka ne, da sai jirgi mai saukar ungulu ya tashi a Kano ya tsaya cak a sama, ya jira Dakar ta iso ƙarƙashinsa. Iskar da jirgi ke ciki tare take juyawa da duniyar. Abin da ke kawo bambanci shi ne wata iska mai ƙarfi da ke can sama, wajen kilomita 10 zuwa 12, daidai inda manyan jirage ke tafiya. Daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, kuma lokacin sanyi takan wuce kilomita 200 a awa. Jirgi yana gudun wajen 850 zuwa 900 a awa. In ka nufi Sin tana tura ka ta baya, in ka juyo gida kuna karo da ita. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke a buɗaɗɗen fili lokacin hunturu ya san zancen.

Dan_Kwari_Layin_Atamfa:
To ga amsar tambayata ta biyu. Allah ya ƙara wa Baba lafiya.

Almajirin_Zaure:
Ni tun farko abin da ya tsaya min a rai balangun nan ne. Alhaji, in kowannenku ya sa abu a kan wanda ya faɗi ya biya, malamai suna da magana a kai. Ka saya kawai ku ci tare a matsayin sadaka.

Dan_Kwari_Layin_Atamfa:
Malam na karɓi gyara. Amma sai ya fara amsa cewa an kayar da shi.

Almajirin_Zaure:
Tunda na shigo, zaren Malamin Labarin Ƙasa ya tuna min da alƙibla. Wani ɗan'uwanmu da ke karatu a New York ya ce da ya isa sai ya ga masallatai suna fuskantar arewa maso gabas, hankalinsa ya tashi, domin a taswira Makka tana kudu maso gabas da su. Ko wannan lissafin ne?

Malamin_Labarin_Kasa:
Shi ne sak, Malam. Alƙiblar New York wajen digiri 58 ce daga arewa. Tamu ta Kano wajen 68, wato gabas amma an ɗan karkata hagu. Zare ɗaya ne yake nuna wa mai salla gabansa, yake nuna wa jirgi hanya. Kuma ga wani abin mamaki irinsa: Beijing ta fi Guangzhou kusa da Kano da 'yan kilomita ɗari uku, duk da a taswira za ka rantse ta fi nisa.

Mai_Wayoyi99:
Wannan kam sai na gani da idona. Gobe zan ƙwace ƙwallon yarana.

Hajiya_Mai_Kayan_Kicin:
Maganar salla, ni abin da ke rikita ni a hanyar nan lokuta ne. In za ka tafi, kana idar da asuba kafin ka gyara zama azahar ta yi. Wata shekara na dawo cikin azumi da jirgin rana, na ƙi ajiyewa don taurin kai, rana ta ƙi faɗuwa. Ina kallon ta ta taga kamar an kafe ta da ƙusa.

Almajirin_Zaure:
Hajiya ai matafiyi an yi masa rangwame. Tafiyar mil 48 ma ana ƙasaru, balle wannan. Amma in mutum ya zaɓi ya yi, to da ranar da yake gani zai sha ruwa, ba da agogon garin da ya baro ba.

Dan_Damagaram:
Ku mutanen Kano kuna da daɗi, daga gida sai filin jirgi. Mu sai mun fara cin wajen kilomita 240 a mota daga Zinder, ga shingaye, ga iyaka. A cikin dubu goma sha ɗayan nan, wannan 'yar guntuwar ita ta fi gajiyar da ni. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 2023 kuwa, Guangzhou ta koma mana kamar wata duniya.

Baba_Hasumiya:
Ɗan Damagaram ya taɓo inda nake son zuwa. Nisan sama ba a tsaye yake ba, siyasa tana ƙara shi. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 aka rufe samaniyarta, jirage suka koma zagaye. Kano zuwa Jidda a miƙe wajen kilomita 3,400 ne, kuma mafi yawan hanyar ta kan Chadi da Sudan take. Da aka ce a kauce wa Sudan, ko ka yi arewa ko ka yi kudu, duk ƙarin mai ne da ƙarin lokaci, kuma a kan tikitin fasinja ake fanshewa. Ku duba zaren Malam na Guangzhou, shi ma ta arewacin Sudan ya bi.

Uwar_Biyu:
Gaskiya ne Baba. Hajjina na farko awa huɗu da wani abu muka yi. A 2023 da na raka mahaifiyata, sai da muka doshi awa bakwai, tsohuwa tana ta tambaya ko direban ya ɓata ne.

Jikan_Takari:
Ina karanta ku ina murmushi. Ni a Sudan aka haife ni, kusa da Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Kakana da ƙafa ya baro ƙasar Hausa da niyyar Hajji. Yakan tsaya a gari ya yi noma damina guda, ya samu guzuri, ya ƙara gaba. Kakata ta ce shekara bakwai suka yi kafin su ga teku, a hanya aka haifi babana. Da suka sauke farali ƙarfin komawa ya ƙare, suka zauna. Wannan 3,400 da Baba ya ambata, mu ita ce ta raba mu da gida har yau. Yanzu kuma yaƙi ya sa wasunmu sun biyo hanyar a juye.

Hajiya_Mai_Kayan_Kicin:
Allah ya jiƙan magabata, ya kawo muku zaman lafiya. Na ji kunyar awa 19 ɗina.

Baba_Hasumiya:
Amin. Jirgin ma ai da tafiyar zango ya fara. A 1925 jiragen sojan Ingila guda uku suka taso daga Masar, suna sauka suna shan mai ta Sudan da Chadi, sai da suka kwashe kwanaki kafin su dira a Kano. Hanyar da EgyptAir ke yi yau cikin awa huɗu da 'yan mintuna.

Saurayin_Farm_Centre:
To wai akwai jirgin da zai iya Kano zuwa Guangzhou a tashi ɗaya ba tare da ya sha mai ba? Ko shi ya sa ake tsayawa?

Bakatsine_a_Doha:
Akwai su birjik. Singapore Airlines na tashi daga Singapore zuwa New York ba tsayawa, sama da kilomita 15,300, awa 18 zuwa 19 a sama, da Airbus A350. Tamu da ba ta kai 11,000 ba awa 13 za ta ci. Matsalar ba ta mai ba ce, ta fasinja ce. Kamfani yana son ya cika kujera wajen 300 zuwa da dawowa, sati bayan sati. Shi ya sa Ethiopian ke kwaso na Kano, na Legas, na Accra, na Douala, ta tara su a Addis ta zuba a jirgi ɗaya. Tasha ce kawai, irin yadda mota ba ta tashi sai ta cika.

Dan_Kwari_Layin_Atamfa:
A cika jirgi ai ba wuya. Ka zo Kwari da Wambai da Farm Centre lokacin baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou, na Afrilu ko na Oktoba ka ga mutane.

Bakatsine_a_Doha:
Sau biyu a shekara kenan, Alhaji. Sauran wata goman fa? Ga shi yanzu rabin 'yan kasuwa ta waya suke oda, wakili ya loda musu kwantena.

Mai_Wayoyi99:
Na dawo. Wani shafi ya nuna min 5,900, wani ya nuna 6,800, Malam kuma ya ce 10,900. Wa zan yarda da shi?

Baba_Hasumiya:
Duka ukun gaskiya suka faɗa. Na farkon mil ɗin matuƙa ne, wanda ake aiki da shi a sama da teku, kowane ɗaya kilomita 1.852. Na biyun mil ɗin mota ne, kilomita 1.609. Ninka ka gani, wuri ɗaya za su kai ka.

Uwar_Biyu:
Ni dai har yanzu ina bayan mai shadda. Ya ce Amurka, kuma Los Angeles Amurka ce. Alhaji kai ka ce Guangzhou ta fi Amurka nisa, ba ka ce ta fi New York ba.

Dan_Damagaram:
A'a Hajiya. In aka ce nisan gari, bakin garin ake nufi. Wanda ya taka New York ya isa Amurka.

Uwar_Biyu:
To wanda ya taka Urumqi ma ya isa Sin, an koma gidan jiya.

Dan_Kwari_Layin_Atamfa:
Jama'a barkanmu da safiya. Na nuna masa duk abin da kuka rubuta. Ya karanta har ƙarshe, ya ce shi dama tun farko Los Angeles yake nufi, wai can ɗan yayarsa yake. Jiya ko sunan garin bai sani ba. Balangu dai na saya kamar yadda Malam ya ce, ya ci ya fi kowa. Yanzu kuma ya ɗauko sabuwa, wai Ostareliya ta fi su duka. Malamin Labarin Ƙasa, in kana kusa, a taimaka a ja mana zaren zuwa Sydney kafin la'asar.